Tambayoyin Masu Karatu: Hoton Asibiti da Gashin Ciwon Daji

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru ne a kan na'urorin asibiti masu leƙa cikin jikin mutum, da kuma waɗanda ake yi wa masu ciwon daji gashi da su, wato jinya da haske mai ƙarfi. Na zaɓi guda huɗu, kuma na fi ba ta farko fili domin rai ne a cikinta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An gano dajin bakin mahaifa a jikin mahaifiyata, likitoci sun ce za a riƙa yi mata gashi kullum har mako 5. 'Yan'uwa sun tayar mana da hankali, suna cewa na'urar ƙone mutum take yi, kuma wadda aka yi wa bai kamata ta ɗauki jikoki ba. Ita kuma ta ce da zarar ta ji sauƙi za ta dakata. Ina gaskiyar magana take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kike yi a kanta.

Na'urar da aka fi yin wannan aiki da ita a yau ana kiranta linak. Tana ingiza ƙananan ƙwayoyin lantarki har gudunsu ya kusa na haske, sai su daki wani ƙarfe mai nauyi, daga nan hasken eksre mai ƙarfin gaske ya fito a saita shi kan ciwon. An fara jinyar mutum da irinta a asibitin Hammersmith da ke Landan a 1953. Kafin ita akwai mai aiki da sinadarin kobal-60, wadda aka fara amfani da ita a Kanada a 1951, kuma har yanzu tana ceton rayuka a ƙasashe da dama. A cikin su biyun babu mai wuta. Adadin da ake ba majiyyaci a rana ɗaya, wato kimanin gire 2 a ma'aunin da ake auna shi, ɗumin da yake kawo wa jiki bai kai kashi 1 cikin 1,000 na digiri ɗaya ba, shi ya sa Mama za ta kwanta na 'yan mintoci ta tashi ba ta ji komai ba. Abin da hasken yake yi shi ne kakkarya sinadarin gado na DNA da ke cikin ƙwayoyin dajin, har su kasa hayayyafa su mutu.

Lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye da ciwon su ma hasken yana taɓa su, kuma a nan ne hikimar aikin take. Da farko ana ɗaukar hoton siti na wurin, wato CT, hoton eksre mai nuna cikin jiki yanka-yanka, likita ya zana iyakar ciwon da iyakar mafitsara da hanji, sannan masanin kimiyyar lissafin haske ya tsara da kwamfuta yadda za a harba shi daga kusurwoyi da yawa. Kamar mutane ne su tsaya a kewaye kowa ya haska tocilarsa wuri guda: inda hasken ya haɗu ya fi ko'ina ƙarfi, hanyar da kowanne ya bi kuwa kaɗan ta samu. Na biyu, lafiyayyar ƙwaya ta fi ta daji iya gyara ɓarnar da aka yi mata cikin sa'o'i, saboda haka ake raba maganin kashi-kashi, galibi kwana 5 a mako har sau 25, domin a ba lafiyayyen nama damar farfaɗowa tsakanin yau da gobe.

Ba zan ce miki babu wahala ba. Daga mako na biyu ko na uku ana iya ganin gajiya, da gudawa, da zafin fitsari, wani lokaci fatar wurin ta yi duhu ko ta saɓule, kuma ina jin wannan ne mutane suke gani su ce ƙuna ce. Yawancin waɗannan suna da magani kuma suna lafawa cikin makonni bayan an gama. Duk wanda ya bayyana a faɗa wa likita a ranar.

Maganar jikoki kuwa ba ta da tushe. Hasken da ake harbawa daga waje ba ya zama a jiki, da an kashe na'ura ya tafi. Ko kashi na biyu na jinyar, inda ake shigar da ɗan ƙaramin sinadari mai haske har bakin mahaifa ta cikin bututu, a yawancin asibitoci na mintoci ne, kuma na'ura tana janye shi kafin majiyyaciya ta bar ɗakin. Wanda ake ce wa ya nisanci yara na 'yan kwanaki shi ne wanda ya sha sinadarin aidin-131 saboda ciwon ƙullutun wuya, kuma wannan jinya ce daban. Ku bar Mama ta rungumi jikokinta, tana bukatarsu a wannan lokaci.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne niyyar dakatawa. Zubar jini da ciwon mara sukan tsaya da wuri, alhali ƙwayoyin dajin da suka rage suna nan da rai, kuma idan aka ba su hutu suna hayayyafa da sauri fiye da da. Masu bincike sun daɗe da lura cewa a dajin bakin mahaifa ya kamata a kammala gashin waje da na ciki cikin kimanin mako 8, kuma kowace rana da aka ƙara a kan haka tana rage damar kashe ciwon da abin da ya kusa kashi 1 cikin 100. Naman da aka riga aka ba rabin magani kuma ba a iya sake ba shi cikakke daga baya ba tare da haɗari ba. Idan rashin lafiya ko lalacewar na'ura ta sa aka rasa wasu kwanaki, ku tambayi likita yadda za a rama, domin akwai lissafin da ake yi don haka.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 6 ya faɗo ya bugu a kai, aka yi masa hoton siti, ba a ga komai ba. Yanzu wani abokina ya ce wannan hoton yana jawo ciwon daji. Matata kuma tana da juna biyu, an yi mata sikanin sau 3. Hankalina bai kwanta ba. Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, barka da arziki. Abokinka ya ji wani ɓangare na gaskiya, sai dai bai ji girman abin ba. Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Kowane mutum a duniya yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji na eksre kimanin 0.1 ne, hoton siti na kai kimanin 2, na ciki kuwa yakan kai 8 zuwa 10. Ke nan abin da ɗanka ya samu bai wuce abin da yake samu a shekara guda yana wasansa ba.

Gaskiya ne yara sun fi manya rauni ga wannan haske, domin jikinsu yana girma kuma shekaru masu yawa suna gabansu. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2012, ya ƙiyasta cewa a cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 10 da aka yi wa hoton siti na kai, za a iya samun ƙarin yaro 1 mai dajin jini da 1 mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekara 10 da suka biyo baya. A ɗaya gefen kuma akwai jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai bayan buguwa, wanda yake iya kashe yaro cikin sa'o'i kuma hoton eksre na yau da kullum ba ya nuna shi. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar siti mai nuna irin wannan, aka ɗauki hoton majiyyaciya ta farko da ita a Landan a 1971, kuma shi da Allan Cormack suka sami kyautar Nobel a 1979. Idan likita ya ga alamar da ta sa shi shakka, yin hoton shi ne daidai.

Abin da nake adawa da shi shi ne hoton da ba a bukata, ko wanda aka maimaita don an yar da na farko. Ka adana sakamakon, ka nuna shi duk inda aka nemi a sake, kuma kana da haƙƙin tambaya ko an rage ƙarfin na'ura daidai da jikin yaro. Sikanin mai juna biyu kuwa babu hasken eksre a cikinsa ko kaɗan. Sauti ne wanda kunne ba ya ji, yana shiga jiki ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto, kuma tun aikin Ian Donald a Gilasgo a 1958 ake duba mata da shi. Abu ɗaya dai, idan za a yi wa maiɗakinka eksre ko siti, ta faɗa musu tana da ciki kafin ta kwanta.

Tambaya: Ni mai walda ne, kuma akwai ƙarfe da aka sa mini a ƙafa bayan karaya. An rubuta mini hoton MRI saboda ciwon baya. Zan iya shiga? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, MRI ba ta da hasken eksre, maganaɗisu ce da igiyar rediyo. Amma maganaɗisun na'ura mai tesla 1.5, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, ya ninka na duniya kimanin sau 30,000, kuma a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. A 2001 wani yaro mai shekara 6 ya rasu a jihar New York ta Amurka lokacin da na'urar ta fizgo tukunyar iskar oksijin ta buge shi a kai. Ƙarafan da ake sa wa ƙashi a yau galibi irin waɗanda maganaɗisu ba ya ja ne, ka dai kai musu takardar aikin su tabbatar. Sana'arka ce ta fi ba ni tsoro, domin ɓarɓashin ƙarfe da ya taɓa shiga ido yana iya motsawa ya lalata gani. Ka faɗa musu aikinka, idan akwai shakka za a fara yi maka eksre na idanu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya shi ma dole ya faɗa tun daga ƙofa.

Tambaya: Malam, ɗalibar kimiyyar fiziks ce ni, kuma ina son aikin da ya shafi lafiya. Mene ne aikin masanin fiziks da injiniya a asibiti, kuma wane bincike ake yi yanzu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta faranta mini rai. Likita yana rubuta adadin hasken da za a ba majiyyaci, amma hasken ba a ganinsa kuma ba a jinsa, saboda haka dole wani ya tabbatar abin da aka rubuta shi ne ya fito daga na'ura. Masanin fiziks yana auna shi a cikin tankin ruwa, domin ruwa yana shan haske kusan yadda naman mutum yake sha, kuma ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kada abin da ya isa ga ciwo ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100. Idan ya gaza ciwo ya dawo, idan ya zarce lafiyayyen nama ya lalace. Tsakanin 1985 da 1987 kuskure a manhajar wata na'ura mai suna Therac-25 ya sa aka zuba wa mutum 6 haske mai yawan gaske a Amurka da Kanada, wasunsu suka mutu. A 1987 kuma, a birnin Goiânia na Birazil, masu tsintar ƙarfe suka fasa tsohuwar na'urar gashi da aka yasar, mutum 4 suka rasu. Domin kauce wa kuskuren awo ne tun 1969 hukumar makamashin nukiliya ta duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aika wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su a mayar, domin wani na waje ya duba ko awon asibitin daidai yake. Injiniya kuwa shi ke ƙera na'ura, ya girka ta, ya gyara ta, kuma ranar da ta tsaya jinyar mutane da dama ce ta tsaya.

Bincike yana tafiya ta fuskoki da yawa. Akwai gashi da ƙwayar furoton, wadda take sauke mafi yawan ƙarfinta a zurfin da aka zaɓa ta tsaya a nan, shawarar da Robert Wilson ya kawo tun 1946, kuma ta fi amfani ga yara. Akwai haɗa linak da MRI a na'ura guda, wadda aka yi wa majiyyatan farko aiki da ita a Utrecht ta ƙasar Holan a 2017, domin a riƙa ganin ciwon yayin da ake harba masa haske. Waɗannan suna da tsadar gaske. A ganina binciken da ya fi taɓa rayuwar yawancin mutane shi ne wanda yake sauƙaƙa jinya. A da mai dajin nono tana zuwa gashi sau 25, aka mayar 15, sannan gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 2020 ya nuna cewa ga mata da yawa zuwa 5 cikin mako ɗaya ya wadatar, wanda hakan yake nufin na'ura ɗaya za ta ɗauki mutane ninkin na da. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, abin da yake da muhimmanci inda likitocin hoto suka yi ƙaranci. An kuma ƙera ƙaramar MRI mai tesla 0.064 da ake turawa har bakin gadon majiyyaci. Kimanin rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu, kuma har yanzu ana neman wanda zai ƙera linak mai jure zafi da ƙura da yankewar lantarki, wadda gyaranta ba ya bukatar jiran watanni.

Hanyar shiga ita ce ki kammala digirin farko a fiziks, ki yi na biyu a fiziks na aikin likita, sannan horo a cikin asibiti na aƙalla shekara 2 a ƙarƙashin wanda ya ƙware. Tun yanzu ki ƙarfafa lissafinki da rubuta manhajar kwamfuta, ki kuma nemi izinin ziyartar sashen gashi ko na hoto da safe kafin majiyyata su iso, lokacin da ake gwada na'urori, domin ki ga aikin da idonki kafin ki yanke shawara.