Tambaya da Amsa: Mazaɓar tarayya ta Mubi da Maiha, da dalilin da ya sa ba mu da irinta a Kamaru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Garwa ne, ina fataucin shanu tsakanin nan da kasuwar Mubi, mahaifiyata kuma 'yar Maiha ce. Duk lokacin da zaɓen Najeriya ya ƙarato sai in iske kawunnaina ba su da zance sai na "mazaɓar tarayya ta Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha". Wani dattijo kuma ya ce mini wai a da Mubi ƙasar Kamaru ce. Ina so a warware mini: mece ce wannan mazaɓa, yaya aka yi ta faɗa Najeriya, kuma me ya sa mu ba mu da irinta? Sannan kawunnan nawa sun matsa in je in yanki katin zaɓe a can, tunda ni ɗan 'yar'uwarsu ne. Akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dattijon nan bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya gutsure maka labarin. Zan fara da ita mazaɓar kamar yadda take yau, tunda nan ne ya fi sauƙi.

Majalisar Wakilan Najeriya kujera 360 gare ta, kuma tsarin mulkin 1999 ya ce a yanka ƙasar gida 360, kowane gida wakili ɗaya, yawan mutanensu ya yi kusa da juna gwargwadon hali, kada kuma wata mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha. Jihar Adamawa ta sami takwas a kan ƙananan hukumominta 21, yayin da Kano da Legas kowacce take da 24. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ita ce wadda kake tambaya: Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu mai hedikwata a Gella, da Maiha. Idan ka haɗa ta da maƙwabciyarta ta Madagali da Michika, ka sami mazaɓar sanatan Adamawa ta Arewa. Wa'adi shekara huɗu ne, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Babu zagaye na biyu, babu rabon kujera, tunda kujerar ɗaya ce.

Yanzu ga tarihin, wanda a ganina shi ne naman zancen.

Kafin Turawa, Mubi da Garwa da Marwa da Ngaundere duk suna ƙarƙashin inuwar Fombina, daular da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tutar Shehu Usmanu, mai gadon sarauta a Yola. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita, Jamusawa kuma suka kwashe mafi yawan ƙasarsa. Mubi da Maiha da Madagali suka faɗa rabon Jamus, daidai da Garwa. Ka ga ke nan a wancan zamani kakanninka na wajen uwa da na wajen uba ƙasa ɗaya suke, wadda Jamusawa suka kira Kamerun. Wannan shi ne abin da dattijon yake nufi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba su. An ci Jamusawa a Garwa a 1915, na dutsen Mora suka miƙa wuya a 1916, sai Ingila da Faransa suka raba ganima. Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka, Ingila ta tsira da wani siririn zirin ƙasa a gefen Najeriya, kuma Mubi na ciki. A takarda amana ce aka ba ta, da fari daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a 1922, daga baya daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. A aikace kuwa Ingila ba ta wahalar da kanta ba: ta liƙa yankin arewacin zirin a jikin lardunan Adamawa da Barno da Binuwai, ta bar En'en Yola tana aiko hakimai tana karɓar haraji. Gude da Fali da Njanyi da sauran mutanen duwatsu sun daɗe suna ƙunsar wannan a ransu.

Abin ya fito fili a Nuwamba 1959, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen yankin: za ku shiga Jihar Arewa idan Najeriya ta sami 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba? Kaduna ta ɗauka an gama. Sai ga ƙuri'a 70,546 sun ce a ɗage, 42,788 kacal suka ce Najeriya. Ni dai ban karanta wannan sakamako a matsayin son Yawunde ba. Ƙin mulkin Yola ne. Sardauna Ahmadu Bello ma haka ya fahimta, shi ya sa aka yi maza aka zare yankin daga hannun En'en Adamawa, aka kafa masa nasa hukumomin, aka kuma yi alƙawarin ba shi lardi mai cin gashin kansa.

Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka koma akwati, wannan karon da tambaya mai kaifi biyu: Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Najeriya ta sami 146,296, Kamaru ta sami 97,659, wato kusan kashi 60 da 40. Akwai abin da mutane ba su cika sani ba a nan. A wannan ƙuri'a mata sun fito sun jefa tasu, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya kai da fata a kan haka, alhali matan Kano da Sakkwato ba su sami wannan dama a zaɓen tarayya ba sai 1979. Matan Mubi da Maiha sun riga su da shekara goma sha takwas. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedikwata Mubi. Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin kuma ɗan garinku, abin ya yi masa ciwo har ya ayyana ranar a matsayin ta makoki, ya kuma kai Ingila ƙara Kotun Duniya da ke Hague. A Disamba 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan gundarin ƙarar, ta ce amanar ta riga ta ƙare, babu abin da hukunci zai sauya.

Daga nan sai sauye-sauyen suna: Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Taswirar mazaɓun da ake aiki da ita yanzu tun 1996 aka zana ta, zamanin Abacha. Tsarin mulki ya ɗora wa hukumar INEC sake duba iyakokin, amma kusan shekara talatin ke nan ba a sake zana su ba, ƙidayar ƙarshe ma ta 2006 ce. Kai da kake shiga Mubi ka fi ni sanin yadda garin ya tumbatsa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar jiha, ga kasuwar shanun da tireloli ke lodi zuwa kudu. Duk da haka kujerar tana nan ɗaya.

Su wa ke cikinta? Gude sun fi yawa a wajen Mubi ta Kudu, Fali a duwatsun Mubi ta Arewa, Njanyi a Maiha, Fulani a gari da ruga har zuwa Belel da Sorau, ga Hausawa 'yan kasuwa, ga Margi da Higi da suka gangaro daga arewa. Musulmi da Kirista duk suna da nauyin da ba a rainawa. Kuma kusan duk ƙabilar da na ambata tana da dangi a wannan gefe namu: Gude suna Burha, Njanyi suna wajen Durbeye, Higi su ne Kapsikin Mogode. Wanda ya taɓa tsallakawa ta Sahuda zuwa Bukula ya san harshe bai canza, tufa ba ta canza, kuɗin aljihu ne kawai ke komawa sefa.

Saboda wannan cakuɗa, ba ranar zaɓe ake cin kujerar Mubi ba, a zaɓen fid da gwani ake cin ta. Manyan jam'iyya kan zauna su auna: idan sanata ya fito daga wannan ƙaramar hukuma, ɗan majalisar wakilai ya fito daga waccan, idan wannan Musulmi ne, wancan a nemi Kirista. Ba a rubuce yake a wata doka ba, kuma ana karya shi duk lokacin da mai kuɗi ya shigo, amma duk ɗan siyasar yankin da shi yake lissafi. Yankin kuma ya yi nauyi a siyasar jihar fiye da girmansa. Boni Haruna na Michika ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Jibrilla Bindow, ɗan Mubi, ya tashi daga sanata ya zama gwamna a 2015 a ƙarƙashin APC, sai Ahmadu Umaru Fintiri na Madagali ya kayar da shi a 2019 a ƙarƙashin PDP. A wannan shekara ta 2019 kuwa kujerar wakilan Mubi da Maiha ta tafi hannun Ja'afar Magaji na APC. Wato ba yanki ba ne da wata jam'iyya za ta sa a aljihu ta yi barci. Lema da tsintsiya kowacce ta sha ci ta sha kaye.

Ba zan wuce 2014 ban ambata ba, domin mutanen yankunan Mayo-Luti da Mayo-Tsanaga na wannan gefe namu su suka buɗe wa masu gudu ƙofa. A ƙarshen Oktoba na shekarar Boko Haram ta kama Mubi har ta sauya mata suna, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato ta a tsakiyar Nuwamba. Yaƙin ne hujjar da aka bayar aka ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma dubban mutanen arewacin Adamawa suna gudun hijira zaɓen ya same su.

To mu fa? Mun taɓa yin tarayya, daga 1 ga Oktoba 1961, da majalisar tarayya mai mutum 50, arba'in daga Gabas, wato tsohon rabon Faransa, goma daga Yamma, wato kudancin zirin nan na Ingila da ya zaɓi Kamaru. Ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu 1972 ce ta rushe ta. Tunda babu tarayya, babu mazaɓar tarayya. 'Yan majalisarmu, wato depitoci, 180 ne, wa'adinsu shekara biyar, kuma a ƙa'ida kowane yankin da prefe, wato jami'in mulkin da gwamnati ke naɗawa, ke mulki shi ne mazaɓa, sai dai shugaban ƙasa na iya sake yanka wasu da dokar da zai sa wa hannu. Jihar Arewa Mai Nisa tana da kujera 29, Arewa 12, Adamawarmu ta Ngaundere 10.

Babban bambancin yana cikin rumfar zaɓe. A Mubi takarda ɗaya za a miƙa maka mai ɗauke da alamomin jam'iyyu a jere, ka dangwala yatsa a gaban wadda kake so, kuma ka san mutum ɗaya ne a bayan alamar. A Garwa kuwa kowace jam'iyya da takardarta, ka kwashe su duka ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, ka watsar da sauran a buhu. Takardar da ka zaɓa kuma, a inda kujeru suka wuce ɗaya, jerin sunaye ce. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun duka. Idan babu wanda ya haura, na gaba ya ɗauki rabi, a raba saura gwargwadon ƙuri'a tsakanin jerin da suka kai kashi 5 cikin ɗari. Doka ta ce dole jerin ya nuna irin al'ummomin da ke mazaɓar. Auna ƙabila da addini da 'yan Mubi ke yi a ɗakin shugaban jam'iyya, mu a cikin doka muka rubuta shi.

Idan ka tambaye ni wanne ya fi, sai in ce kowanne da inda yake ciwo. Na Najeriya yana nuna maka ƙofar da za ka buga idan hanyar Maiha ta lalace, amma yana zubar da ƙuri'un duk wanda bai zo na ɗaya ba, kuma sau da yawa alƙali ne ke da ta cewa a ƙarshe, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta tsige Elisha Abbo daga kujerar sanatan Adamawa ta Arewa a Oktoba 2023 ta ba Amos Yohanna. Namu yana iya ba ƙaramar jam'iyya rabo, amma dokar nan ta "wanda ya haura rabi ya kwashe duka" tana kumbura babba fiye da ƙima. A zaɓen 1 ga Maris 1992 RDPC mai mulki kujera 88 ta samu, jam'iyyar adawa ta UNDP 68, sai da RDPC ta jingina da kujeru shida na jam'iyyar MDR ta Dakole Daisala kafin ta yi rinjaye. A zaɓen 9 ga Fabrairu 2020 kuwa 152 ta kwashe, UNDP ta tsira da bakwai. Sannan depite na uku a jeri, wanda sunan na farko ya ja shi ya shiga majalisa, da wuya talaka ya san inda zai kama shi.

Saura maganar kati, kuma a nan ina so ka natsu, Alhaji. Ɗan Najeriya ne kaɗai, mai shekara 18 zuwa sama, ke da ikon yin rajistar zaɓe a can. Tsarin mulkinsu ya ɗauki wanda aka haifa a waje a matsayin ɗan ƙasa idan uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, don haka ta fuskar dokarsu kawunnanka suna da hujja, matuƙar mahaifiyarka 'yar ƙasar ce. Matsalar tana gida. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru, ta 11 ga Yuni 1968, ta ce baligin da ya karɓi wata ƙasa ko ya riƙe ta da son ransa ya rasa zama ɗan Kamaru. Katin zaɓen Najeriya mai ɗauke da hotonka da zanen yatsunka shaida ce da kai da kanka ka bayar cewa kai ɗan can ne. Ga mutumin da gidansa da iyalinsa da takardun fataucinsa duk suke Garwa, wanda kuma kullum yana gaban jandarma da kwastan a kan iyaka, ban ga ribar da ƙuri'a ɗaya za ta kawo da ta kai wannan kasada ba. Ka ba kawunnanka haƙuri, idan kuma ba ka yi rajista a ofishin ELECAM, hukumar zaɓenmu, na unguwarku ba, da katin shaidarka na ɗan ƙasa kawai ake yi, kuma ba a biyan ko sisi.