Tambaya da Amsa: Shin Soyayya Tana Warkar da Sojan da Yaƙi Ya Biyo Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Na karanta wani littafin soyayya da ya tsaya mini a rai. Labarin wani soja ne da ya bar aiki bayan ya shafe shekaru a fagen daga, ya dawo gida ba ya barci, ba ya son shiga mutane, ko ƙofa aka rufe da ƙarfi sai ya zabura. Daga baya ya haɗu da wata mace mai haƙuri, kuma kafin littafin ya ƙare ya warke sarai. Shin haka abin yake a zahiri? Ina tambaya ne domin wanda zan aura tsohon soja ne, kuma ina ganin wasu daga cikin waɗannan alamu tare da shi.
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Marubucin littafin da kika karanta ya faɗi gaskiya a kan ciwon, amma ya yi gaggawa a kan warakar, kuma tunda maganar ta shafi rayuwar aurenki, ya kamata mu raba biyun a tsanake.

Ciwon da kika bayyana sananne ne a wurin likitoci. Tun a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likita ɗan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a mujallar likitoci ta Lancet a kan sojojin da ake dawowa da su daga fagen fama jikinsu babu rauni, amma suna rawar jiki, wasu sun daina gani sosai, wasu sun manta abin da ya same su. A wancan lokaci hafsoshi da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin ragwanci. Sojoji 306 na rundunonin Birtaniya aka harbe bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan an daɗe ana jayayya cewa da yawansu marasa lafiya ne. Sunan da ake kiran ciwon da shi a yau, wato PTSD (ciwon firgici da ke biyo bayan wani mummunan abu da ya sami mutum), ya shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980, bayan fafutukar tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam.

Alamunsa suna da fuskoki da dama. Abin da ya faru yakan dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Yakan guje wa duk abin da zai tuna masa da shi, ko wuri ne ko magana ko mutane. Zuciyarsa takan dushe har ya kasa jin daɗin abin da a da yake so, kuma jikinsa yakan zauna cikin shiri kullum. Idan kin lura da irin wannan mutum ya shiga ɗaki, za ki ga bai zauna ba sai da ya ƙare wa kowace kusurwa kallo, sannan ya zaɓi kujerar da ta jingina da bango tana fuskantar ƙofa. Warin taya da ke ƙonewa kaɗai yana iya sa gumi ya karyo masa, ya yi shiru tsakiyar hira, idonsa a kanki amma hankalinsa yana wata ƙasa.

Sai dai ina roƙonki kada ki yanke wa wanda za ki aura hukunci da abin da kika karanta. Wani babban bincike da aka kammala a Amurka a 1988 ya gano cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙin Biyetnam sun taɓa fama da ciwon, kuma kimanin kashi 15 suna tare da shi har lokacin binciken. Wannan adadi ne mai yawa, amma yana kuma nuna cewa mafi yawansu ba su kamu ba. Likita ne kaɗai zai tabbatar, kuma ba a kiransa da wannan suna sai alamun sun wuce wata guda suna hana mutum tafiyar da rayuwarsa.

Game da soyayya kuwa, littafin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A shekarar 2000, masanin halayyar ɗan adam Chris Brewin da abokan aikinsa sun tattara bincike 77 suka auna abubuwan da ke sa ciwon ya kama mutum, sai suka tarar cewa rashin masu tsaya masa bayan abin ya faru yana cikin mafi ƙarfinsu. Saboda haka kasancewarki kusa da shi abu ne mai nauyi ƙwarai. Amma aikin warkarwar kansa yana da hanyoyin da aka gwada. Akwai wadda Edna Foa ta tsara, inda majiyyaci yake fuskantar abin da yake gudu sannu a hankali a gaban ƙwararre, yawanci cikin zama 8 zuwa 15. Akwai ta Patricia Resick, mai kimanin zama 12, wadda ake bin tunanin da ya maƙale masa, irin su "laifina ne abokina ya mutu", ana warware shi ɗaya bayan ɗaya. Har ma akwai wadda Candice Monson da Steffany Fredman suka tsara domin ma'aurata, mai zama 15, inda miji da mata suke zuwa tare.

Abin da ya fi damuna da irin waɗannan littattafai shi ne yadda suke ɗora wa macen nauyin da ba nata ba. Ana nuna ta tana share masa hanya, tana hana baƙi zuwa, tana daina fita, tana rufe bakinta don kada ransa ya ɓaci, kuma ana kiran wannan sadaukarwa. Masu jinyar ma'aurata sun lura cewa irin wannan lallaɓawa, duk da niyyarta mai kyau ce, tana taimaka wa gudun da shi ne yake raya ciwon. Haka nan wasu marubuta suna ƙawata fushinsa, su sa ya fasa kaya ko ya damƙe mata hannu, sannan su mai da abin alamar zurfin ƙauna. Ciwo yana iya bayyana dalilin fushi, amma ba ya halatta duka ko tsoratarwa, kuma idan kin taɓa jin tsoronsa, ki gaya wa wani babba da kika amince da shi tun kafin a ɗaura aure. Idan kuwa babu wannan, ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki gaya masa abin da kika gani ba tare da kin ba shi suna ba, kamar ki ce kin lura ba ya samun barci kuma abin yana damunki, sannan ki nuna masa a shirye kike ki raka shi wurin likita. Kada ki matsa masa ya ba ki labarin yaƙi. In ya fara da kansa, ki saurara har ya kai inda zai iya kaiwa.

TAMBAYA: Anti, ina rubuta littafi a kan tsohon soja da ya sami soyayya. Masu karatun irin wannan labari suna son ƙarshe mai daɗi. Yaya zan ba su shi ba tare da na yi ƙarya ba?
Daga wani marubuci mai tasowa.

AMSA: Malam, ƙarshe mai daɗi haƙƙin mai karatun soyayya ne, kada ka hana shi. Abin da za ka kula da shi shi ne irin raunin da ka ɗora wa gwarzonka. Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana jinyar tsofaffin sojoji a birnin Boston, ya yi bayani a shekarun 1990 a kan wani rauni dabam da tsoro, wato raunin lamiri, wanda yake samun soja idan shugaban da ya amince da shi ya ci amanar abin da yake daidai. Masana da suka biyo bayansa sun faɗaɗa shi ya haɗa da abin da sojan ya aikata da hannunsa ko ya kasa hanawa. A ganina nan ne labarin soyayya ya fi samun abin faɗa, domin irin wannan mutum yana ganin bai cancanci a so shi ba, kuma kowace kyautatawa da matar ta yi masa ƙara masa nauyi take yi.

Ka bar shi ya je wurin likita a cikin labarin, ka bar shi ya fasa zuwa sau ɗaya ya koma, ka kuma ba matar rayuwarta da aikinta da ranar da haƙurinta zai gaza. A babin ƙarshe ba sai mafarkin ya ɗauke gaba ɗaya ba. Ya isa a ce ya farka cikin dare jikinsa sharkaf da gumi, ta kunna fitila, ta kira sunansa daga inda take ba tare da ta taɓa shi ba, kamar yadda suka yi yarjejeniya, shi kuma maimakon ya fice waje kamar yadda ya yi a babin farko, ya zauna a bakin gado ya gaya mata sunan abokin da ya gani.