Abin da ya sa lemunka ya yi ɗaci kafin la'asar

Jiya bayan mun rufe ka ce mini, "Maigida, ruwan lemun tsamin da na haɗa wa masu sunan nan na unguwar Aboabo, da safe kowa ya yaba, amma kafin la'asar ya yi ɗaci, na ƙasan bokiti kuma zaƙi kamar zuma. Ga aikin walima na mutum 100 ranar Asabar. Ina kuskuren yake?" To yarona, natsu ka ji, don wannan tambaya ita ce rabin sana'ar.

Lemun da ka sayo ba shi da laifi. Ka matse tun asuba, ka bar 'ya'yan a ciki, ka zuba sukari gaya a ruwan sanyi, sannan ka ajiye bokitin a ƙarƙashin rumfar kwano. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya isa ya ɓata aiki.

Bari in fara da ɗacin. Hanyarsa biyu ce. Ta farko ɓawo: koren nan na waje yana da mai, farin da ke ƙarƙashinsa kuma ɗaci ne zalla. Idan ka murɗa rabin lemu har ya juye ciki waje don kada ɗigo ɗaya ya tsere maka, man nan da farin ne kake tatsa. Wannan ɗaci nan take ake jinsa. Hanya ta biyu ita ce ta kama ka, don ɓoyayya ce. A cikin 'ya'yan lemu da siraran fatun da suka raba shi ɗaki-ɗaki akwai wani sinadari da ba shi da ɗanɗano muddin lemun bai fashe ba. Da zarar ka matse ya gauraya da tsamin, sai ya riƙa rikiɗa a hankali yana zama abin da masana ke kira limonin, mai ɗacin gaske. Awanni yake ɗauka, zafi kuma yana hanzarta shi. Shi ya sa da ƙarfe 8 abu lafiya lau, ƙarfe 3 kuma sai mutane su fara yamutsa fuska. Idan ya riga ya fito, sukari ba ya kashe shi. Sai dai ka samu zaƙi a baki, ɗaci a maƙogwaro.

Saboda haka ba a haɗa babban aiki gaba ɗaya a ajiye. Kashi uku ake yinsa, kowanne da lokacinsa: ruwan sukari tun daren jajibirin taro, matsa da safe dab da lokaci, sirki da ƙanƙara a wurin taron.

Ga lissafin mutum 100. Kofi ɗaya mililita 300, ke nan lita 30 kake nema. Kana buƙatar tsantsar ruwan lemun tsami lita 3 da rabi, sukari kilo 3 da rabi, ruwa lita 18 da rabi, ƙanƙara kilo 6, gishiri babban cokali 1. Za ka ce ai wannan bai kai 30 ba idan aka cire sukarin. Sukari ma yana cin wuri: kilo ɗaya idan ya narke yana ƙara fiye da rabin lita kaɗan. Ƙanƙara kuma kilo ɗaya lita ɗaya ce idan ta narke, don haka da ita ake lissafi tun farko. Masu mantawa da wannan su ne lemunsu ke komawa salam a ƙarshen taro.

Piya wota ta sauƙaƙa mana awo. Leda ɗaya rabin lita ce, jaka ɗaya leda 30, lita 15 cif. Sayi jaka biyu. Leda 7 na dafa sukari, 12 ka jefa a firiza tun ranar Alhamis su daskare su zama kilo 6 ɗin nan, jaka ɗaya sukutum ta sirki, ragowar 11 na ɗauraye kaya. Na ce tun Alhamis saboda dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarkin nan, kada ka kwana da tunanin wuta za ta tsaya maka daren Juma'a. Kuma kada ka sayi ƙatuwar ƙanƙarar masu kifi ka jefa cikin abin sha, ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Waccan ta jera wa kwalabe ce daga waje.

Sai sayen lemun. Ka sauka kasuwar Kejetia ta nan Kumasi da sassafe ranar Juma'a, ka tafi da sikelinmu. Olonka, gwangwanin awon kasuwa, ba awo ba ne a wannan aiki, cikar wannan daban da ta waccan. Ƙananan lemun nan masu siririn ɓawo, kowanne yana ba da misalin babban cokali ɗaya, kilo ɗaya kuma tsakanin mililita 350 da 400. Ke nan kilo 10, wajen guda 240 zuwa 250. Ka ƙara kilo 1 saboda ruɓaɓɓu. Ɗauki lemu a tafin hannunka ka ji nauyinsa. Mai kyau ya fi girmansa nauyi, fatarsa sumul tana sheƙi, idan ka danna da babban yatsa ya ɗan lotsa ya dawo. Wanda ya fara juyawa rawaya-rawaya ya fi ruwa kuma tsaminsa ya fi laushi. Kore shar mai tauri kamar dutse ƙamshi gare shi, ruwa kaɗan. Wanda gindinsa ya yi laushi ya yi ruwan ƙasa, bar wa mai sayarwa kayanta, guda biyar irinsa sun isa su sa wa lita 30 wari. Lokacin hunturu lemu yana saurin bushewa, sai ka ƙara kilo 2 a kan lissafin. Babban nan mai kaushin ɓawo kuwa, girman banza ne: farin ya yi kauri, 'ya'ya jingim. Idan dole ta sa, ka yi da shi, amma da hannu mai sauƙi.

Daren Juma'a ka ɗora leda 7 ɗin a wuta. Idan ruwan ya fara ƙananan kumfa a gefen tukunya, zuba sukarin kana juyawa har ka ɗaga ludayi ka ga ruwan garau, babu ƙwaya ko ɗaya a bayansa. Ya tafasa minti 2, sauke. Kada ka bar shi ya yi ja, alewa ke nan, ɗanɗanonta daban. Za ka samu kusan lita 5 da rabi da ɗan ɗori. Wannan shi ne maganin zaƙin ƙasan bokiti, don sukari gaya ba ya narkewa da sauri a ruwan sanyi, kwanciya yake yi. Na farko ya sha tsami, na ƙarshe ya sha zuma.

Idan masu walimar suna son yaji, a nan ake sa shi: ɗanyar citta rabin kilo a daddaka, kanumfari guda 20, su dahu tare da sukarin, a tace. Mutanen Zango da suka saba da lamurji da sobolo, wato zoɓo, sukan nemi wannan, amma ka tambaya tukuna. Ni a ganina abin da ya fi citta ɗaga lemu shi ne ƙamshin ɓawonsa. Kankare koren lemu 15 da ƙaramin magogi, koren kaɗai, da ka hango fari ka juya gefe. Zuba shi a ruwan sukarin bayan ka sauke, rufe minti 10, tace. Ya wuce haka, ɗaci zai biyo baya. Sannan ka bar shi ya huce sarai. Ruwan lemu idan ya haɗu da zafi ƙamshinsa yana mutuwa, ya koma kamar magani.

Tukunyar dalma ta yi don dafa sukari, tunda babu tsami a ciki. Amma ruwan lemu kada ya taɓa dalma, ko dadesen, tukunyar zubin nan ta girki, balle bokitin kwano. Tsamin yana cin ƙarfen, abin sha ya ɗauki ɗanɗanon tsatsa, na bokitin kwano ma har ciwon ciki da amai yake sawa. Farar roba mai murfi wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai abinci, ko silba marar tsatsa. Galan ɗin Kufuor mai rawaya yana da daɗin ɗauka, amma yawancinsu na man girki ne a da, kuma tsami yana tono warin da sabulu ya kasa fitarwa. Cika shi da ruwa ya kwana, ka kurɓa da safe. Ka ji wani abu, nemi wani.

Ranar Asabar, idan ƙarfe 2 za a fara sha, ƙarfe 10 za ku fara matsa, ku biyu. Wanke lemun a ruwan gishiri, ɗauraye, sannan ka jiƙa shi minti 10 a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki. Murza kowanne a kan tebur da tafin hannu har ka ji ya saki. Yanka ta ciki, a gicciye. Matsa ɗaya mai ƙarfi, ta biyu mai sauƙi, jefar. Abin da ya rage a ɓawon bai kai darajar abin da zai ɓata ba. Rariya tana bisa bakin roba tun daga lemun farko, kuma duk bayan lemu 30 ka kwashe 'ya'yan ka zubar, kada ruwa ya riƙa bi ta kansu. Kada ka danna tuƙar da cokali. Bayan rariya ka sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta, ka bar shi ya tsiyaye da kansa. Injin niƙa kuwa, ko da wasa. Yana farfasa 'ya'yan, ɗacin da zai zo da la'asar sai ya zo tun hantsi.

Ka sa safar hannu ta roba. Lemu 250 suna cinye fatar gefen farce, kuma ruwan lemun tsami idan ya bushe a fata rana ta buge shi, yana ƙona wurin ya yi bororo ya bar baƙin tabo na watanni. A inuwa ake matsa, in an gama a wanke har gwiwar hannu da sabulu.

Duk lita ɗaya da ta taru, juye ta a kwalba ka sa a kula. Idan lita 3 da rabi ta cika, haɗa da ruwan sukarin da gishirin. Wannan ita ce uwa, lita 9 da 'yan kai, kuma ita za ka ɗauka zuwa wurin taron cikin sanyi. Gishirin ba don a ji shi ba ne, yana danne bauri yana fito da zaƙi.

Kafin ka tashi, gwada a kofi: ludayi 1 na uwa, ludayi 2 da ɗan ƙari na ruwa mai sanyi. Lallai mai sanyi, don sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, abin da ya yi daidai da ɗumi zai yi tsami da ƙanƙara. Lemu kuma ba ya zama ɗaya kullum. Ya yi kaifi, ƙara ruwan sukari, ba gaya ba. Ya yi lami, ƙara lemu. Saboda haka ka dafa ƙarin rabin lita na ruwan sukari daban da lemu 20 da ba a yanka ba, su bi ka a jaka.

A wurin taron kada ka sirka duka. Raba biyu: rabin uwa, leda 15, daskararru 6 ka wanke bayansu ka yanke ledar ka zuba. Minti 15 ya yi sanyin da ake so. Rabi na biyu ya zauna a kula sai na farko ya kusa ƙarewa. Juya da ludayi kafin kowane zubi. Yankakken lemun ado a kofi ake sa shi lokacin miƙawa, idan ya yi iyo a bokiti awa biyu ɓawonsa zai yi maka irin ta ranar suna. Bokiti mai famfo irin na Veronica ya fi, in dai sabo ne na wannan aiki kaɗai, don ba mai tsoma kofi ko hannu.

Abin da aka sirka ya yi awa 4 a waje, ba na sayarwa ba ne kuma. Uwar da ba ta bar sanyi ba takan kai washegari. Idan ka ga ƙananan kumfa suna tasowa da kansu, ko kwalba ta kumbura, ko ka buɗe ka ji iska ta fito da ƙara, ya fara tsima, zubar. Takardar gwajin lafiyarka ta Asambuli, wato hukumar gari, ta kasance a aljihunka ranar, kuma ka zo da sikelin gobe da asuba mu duba shi kafin ka tafi kasuwa.