Filin Tambaya da Amsa: Dokin Sallah zai iya tseren dogon zango?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga wani ƙauye a gefen Gumel, ina da doki danda ɗan shekara 4 da na saya bara a kasuwar Maigatari, wallahi Baba in na sakar masa linzami duk garinmu ba dokin da yake shan gabansa. To na ga wani bidiyo a Facebook na Larabawan Dubai suna tseren kilomita 160 a rana ɗaya, shi ne nima nake so in fara horar da nawa. Gero zan ƙara masa ko me? Kuma wata nawa zai ɗauka?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗana, Allah ya sa ka ji daɗinsa. Amma fa wata nawa ɗin nan da ka ce sai da ya ba ni dariya, ai lissafin na shekaru ne. A dokar hukumar wasan dawaki ta duniya dokin da bai kai shekara 8 ba ko filin kilomita 160 ba za a bari ya shiga ba, naka kuwa yanzu ma ƙashinsa yake ƙosawa.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne likitoci. Zango-zango ake yin tseren, duk zangon da aka gama sai a sauke sirdi a kai doki gaban likitan dabbobi, ya saurari zuciyarsa, dole bugunta ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, sannan a ja shi ya yi sassarfa a gani ko yana ɗingishi, a duba dasashinsa a saurari cikinsa. In ya faɗi wannan gwajin an cire ka kenan, ko kai ka riga kowa isowa. Shi ya sa dawakan Larabawa suka mamaye harkar, ga su sirara ba wani ƙiba amma zuciyarsu na saurin kwantawa. Sarkin Dubai ma da kansa, Sheikh Muhammad bin Rashid, ya ci kofin duniya a Ingila a 2012 yana da shekara sama da 60. Can Amurka kuma akwai na Tevis da ake yi a Kalifoniya tun 1955, mil 100 cikin duwatsu, awa 24 ake ba ka.

Maganar gero kuwa, don Allah ka dakata. Mu nan abin da muka iya shi ne a ɗaure doki a turke ana ɗura masa gero da dusa har ya yi sheƙi, ranar hawan Sallah a fito da shi kowa ya ce masha Allah. Ni na yi wannan wautar ina saurayi. Wani akawal gare ni, ya fi sati biyu a ɗaure yana cin hatsi, ranar kasuwa na ɗaura masa sirdi na kama hanya da sukuwa don 'yan mata su gani, ban yi nisa ba ya coge, cinyoyinsa suka sandare kamar itace gumi na tsiyaya, da ya yi fitsari sai na ga ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Sai a ƙasa na dawo gida shi kuma a gindin tsamiya ya kwana. Naman jikinsa ne ya ƙone, hatsi da yawa ba motsi. Ranar da doki bai yi aiki ba rage masa hatsi, ka cika masa harawa da ciyawa, ruwa kuma kar ya yanke a gabansa, ga ɗan gishiri ko kanwa kaɗan saboda abin da gumi ke kwashewa.

Horon kansa ba abin burgewa a ciki. Bayan asuba kafin rana ta yi, tafiya da sassarfa kawai, kamar kilomita biyar, sau uku ko huɗu a sati, in ya saba ka ƙara nisa ba gudu ba, kuma kar ka ƙara biyun lokaci guda. Zuciya da huhu suna ƙarfi cikin 'yan watanni amma jijiyoyin ƙafa sai a hankali, to nan samari suke faɗawa rami, doki na ja yana son gudu su ɗauka ya shirya. Yashinmu na Jigawa mai zurfin nan yana jan jijiya sosai, ka bi burtali mai ɗan tauri.

Ka koyi jin bugunsa tun yanzu. Sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa za ka ji jijiya na harbawa, ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, lafiyayyen doki a hutu yana tsakanin 28 da 44. Kuna dawowa daga fita ka ƙirga, bayan minti goma ka sake. Sannan ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki, in ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba ƙishirwa ta ci shi. Masu cewa kar a ba doki ruwa a tsakiyar tafiya, rabu da su, 'yan tseren can duk inda suka ga ruwa tsayawa suke ya sha har su kwara masa a wuya.

Ka samu ɗan littafi ka dinga rubuta nisan da bugun kullum, bayan damina ka sake rubuto min abin da ka gani. Kuma ka duba bayansa inda sirdi ke zama da wajen majayi, sirdinmu na hawa nauyi gare shi, ba na doguwar tafiya ba ne.