Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko tana cikin zaɓaɓɓu

Ƙanwata, sannu. Kin ce wani mai wa'azi a Garwa ya ce tunda Allah ya zaɓi nasa tun kafin kafa duniya, duk wanda ya koma zunubi bayan baftisma ba ya cikinsu, har kin daina kusantar Jibin Ubangiji. Na san wannan ciwon, yana hana barci.

Ki lura da yadda ya ƙulla zancen. Hawa uku ne: Allah ya zaɓa, zaɓaɓɓe ba ya zunubi, ke kin yi, ke nan ba ki ciki. Na farkon yana Afisawa 1:4, gaskiya ne. A na biyun igiyar ta tsinke. Zai kawo 1 Yohanna 3:9, inda aka ce haifaffe daga Allah ba ya zunubi, amma wasiƙar nan ɗin ce ta ce a 1:8 in mun ce ba mu da zunubi muna ruɗin kanmu, a 2:1 kuma ta ce wanda ya yi zunubi yana da mai tsaya masa wurin Uba. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki a Yohanna 21.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu irin wannan wa'azin. Su tsinci aya ɗaya, su ɗora "saboda haka" kan "saboda haka", su yanke hukuncin da Allah bai ba su ba, a yi ta tafi, su tafi gida su ci tuwo. Wadda aka raunata ba mai leƙa ta. Wa ya nuna musu littafin rai? Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne.

Gardamar ma tsohuwa ce. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, da masani Irasmus sun yi ta a 1524 da 1525. A 1577 Lutarawa, mabiya Luta, suka rubuta cewa kada a binciki zaɓe ta lissafin hankali, a neme shi cikin Almasihu da Maganarsa.

Ki daina karanta Romawa 9 ita kaɗai da dare. Ki faro daga sura 8 ki kai 11 a zama ɗaya, ki ga inda Bulus ya ajiye muhawara a 11:33 ya koma yabo. Ki haddace Yohanna 6:37. Ki rage sauraron wa'azin WhatsApp ɗin nan. Kafin Jibi na gaba ki sami faston ikilisiyarku, ko wata dattijuwa a zumuntar mata, ki faɗi abin da ya faru, a yi addu'a tare. Ran Jibin ki tashi ki karɓa, ko jikinki na rawa.