Filin Makanikai: Tsohon babur da rikicin karbiratar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kabu-kabu da babur ƙirar CG 125 na Sin, shekararsa tara a hannuna. Da safe ba ya tashi sai na ja sitatar, kuma da na mayar da ita sai ya mutu. Na kai gareji an ɗaga mini ralanti (gudun injin in babur na tsaye), to yanzu in injin ya yi zafi sai ya riƙa kururuwa shi kaɗai ina tsaye. An ce in sayi sabon karbiratar (abin da ke cakuɗa mai da iska kafin su shiga injin). In saya?
Daga wani ɗan kabu-kabu, unguwar Bilbis, Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Babur ɗin da ba ya zama sai da sitatar, yunwar mai yake yi a ƙaramin gudu. Aikin sitatar toshe iska ne don mai ya rinjaya, ita ce ke rufa wa injinka asiri. Wanda ya ɗaga maka ralanti ciwon ya lulluɓe, bai yi magani ba.

Abu biyu ne suka fi kawo wannan: ko ƙaramin jiklar (ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa a karbiratar) ya toshe, ko iska na satar shiga ta bayan karbiratar. Fara da na farkon. Ƙaramin jiklar na irin wannan babur lambarsa tsakanin 35 da 40 take, raminsa bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya daga mazurarin ƴan ruwa-ruwa ta isa ta rufe shi.

Rufe robinen mai, ka sassauta bis ɗin da ke gindin kwanon karbiratar, ka tari man a kwalba mai haske. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, dunƙule-dunƙule. In jan gari ka gani, tsatsar tanki ce, sai an wanke tankin an sa ɗan filtar a tiyon mai, in ba haka ba mako mai zuwa kana nan inda kake. Sannan ka sauke karbiratar, ka cire kwanon. Jiklar biyu ne: gajere mai kauri a tsakiya shi ne babba, siririn da ke gefensa shi ne ƙarami. Tagulla ce, saboda haka turnabis ɗin ya zama daidai bakinsa, kada ka cinye kan. Jiƙa shi a esansi mai tsabta, ka hura shi da iskar kwampiresa (ta mai facin taya ma ta yi), ka hura hanyoyin da ke cikin jikin karbiratar su ma. Ɗaga jiklar ga rana: sai ka ga haske zagaye tas. Kada ka soka masa allura ko wayar birki, faɗaɗa ramin suke yi, daga nan babu saitin da zai ƙara zama. In dole ne, sili ɗaya na wayar lantarki ta tagulla.

Kururuwar da yake yi in ya yi zafi kuwa, ta fi nuna satar iska. Dubi wuyan da ya haɗa karbiratar da injin, da zoben robar da ke bakinsa. Zafin Afrilu da Mayu na Tawa, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba ta tsage. Bar injin yana ralanti, ka fesa maganin wanke karbiratar na gwangwani a mahaɗar, nesa da salansa. In kukan injin ya sauya, nan ɓarakar take.

Kafin ka taɓa bis ɗin saiti, tabbata tazarar supap (bawul ɗin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a kan injin) milimita 0.08 ce da injin sanyi, bakin buji kuma 0.6 zuwa 0.7. Supap da ya matse yana kawo irin wannan alamar sak, a yi ta zargin karbiratar a banza.

Saiti shi ne na ƙarshe, kuma sai injin ya yi gudu na kamar minti goma. A karbiratar CG, bis ɗin cakuɗa yana ƙasa ta ɓangaren injin, mai yake buɗewa. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don tsininsa na karyewa, ka warware zagaye biyu. Daga nan ka riƙa juya shi kwata-kwata, kana jira daƙiƙa goma kana saurare, har ka sami inda injin ya fi tashi kuma ya daidaita. Sai ka sauke gudun da bis ɗin ralanti, mai sifirin a gefe, zuwa kamar juyi 1,400 a minti. In sai da ka wuce zagaye uku ya yi daɗi, jiklar bai wanku ba.

Masu Suzuki AX100 da Yamaha DT125 su kula: nasu bis ɗin yana ta ɓangaren filtar, iska yake buɗewa, warware shi rage mai ne. Su fara daga zagaye ɗaya da rabi.

Tambaya: Babur ɗina ya koma shan mai kamar rairayi, yana baƙin hayaƙi, buji na yin baƙi ƙirin cikin kwana uku. In na ajiye shi kuma mai na ɗiga ta tiyon ƙasa.
Daga wani malamin makaranta, Illela.

Amsa: Malam, naka kishiyar na sama ne, mai ya yi yawa. Yaushe rabonka da buɗe filtar iska? Kafin injin ya ƙone lita ɗaya ta esansi sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000, ka ƙiyasta ƙurar hunturu da ke ciki a hanyar da ba kwalta. In na soso ne, wanke shi da kananzir, matse ba murɗewa ba, ya bushe, ka shafa masa man inji ka matse rarar. Na takarda ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi ko a sauya. Masu cire filtar gaba ɗaya don wai babur ya numfasa, yashi suke ciyar da fistan.

Ɗigar kuma daga fulotar ce, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon karbiratar yana rufe shigar mai in kwanon ya cika. Cire ta ka girgiza kusa da kunne: in ka ji mai a ciki ta huje, sai sabuwa. Dubi allurarta mai kan roba. In kan ya yi zobe kamar an ɗaure shi da zare, ba ta ƙara rufe mai. Don auna matakin, sa tiyo mai haske a mafitar gindin kwano, ka lanƙwasa shi sama a jikin karbiratar, babur na tsaye cak, ka buɗe bis: man ya tsaya dab da layin da kwano ya haɗu da jiki, ko ƙasa kaɗan. In ya haura, lanƙwasa ɗan harshen fulotar kaɗan ta wajen allura.

Leƙa doguwar allurar da ke saman karbiratar ma. Yawanci tana da gaɓa biyar, makullinta a ta uku. Wasu kan sauke shi ƙasa don neman ƙarfi, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Mayar da shi tsakiya. Bayan gyara, buji mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi, kamar shayi da madara.

Tambaya: A cikin gari lafiya lau, amma a hanyar Ƙonni in na ba shi wuta duka sai ya riƙa shaƙewa. An ce in sa babban jiklar mai lamba sama.
Daga wani ɗan kasuwa, Tawa.

Amsa: Alhaji, kada ka sa. In da yana gudu da wannan jiklar, ba lambar ce ta sauya ba. In ya sake yi, tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska, ƴar ƙofar numfashin murfin ce ta toshe. In ba ita ba, zare tiyo daga karbiratar ka buɗe robine: mai ya zubo a miƙe, ba ɗis-ɗis ba. In yana ɗiga, rariyar robine ta cika da datti. Sai waɗannan biyun sun fita lafiya za a wanke babban jiklar, a mayar da shi da lambarsa ta asali.