Amsa kan barin batirin keken lantarki a caji da dare

Malam, ka tambaya ko babu laifi ka bar batirin kekenka na lantarki a caji ka kwanta barci, tunda sai dare ake kawo muku wuta. Don Allah kada ka yi haka. Yawancin waɗannan kekuna da batirin lithium suke aiki, kuma idan irin wannan batiri ya kama da wuta, yana ci da sauri, yana fitar da hayaƙi mai guba, sannan kashe shi yana da wuya ƙwarai.

Idan ka dawo daga aiki cikin zafin watan Afrilu, ka bar shi ya huce a inuwa kafin ka jona shi. Ka ajiye shi a kan siminti, nesa da katifa da labule, kuma ba a bakin ƙofar da iyalinka za su bi su fita ba. Ka riƙe cajarsa ta asali, domin wadda ba tasa ba tana iya ba shi wutar da ta fi ƙarfinsa. Duk ranar da ka ga ya kumbura, ko ka ji warin ƙuna, ka fitar da shi tsakar gida, ka daina amfani da shi.